Bashin Shekarar Farko: Nasiha Ga Saurayi Mai Neman Karatun Likita

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda cuta da waraka duk a hannunsa suke. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwana saurayi, da kai nake magana, kai da aka liƙa sakamakon shekararka ta farko a jami'a, ka duba ka ga abin da ya kashe maka jiki. Tun kana sakandare ake ce maka Dakta a gida, ga shi yau Kemistiri ta kayar da kai, Fizis kuwa da ƙyar ka sha. Ko kuma tun farko ba a ba ka likitanci ba, aka tura ka Bayoloji ko Bayokemistiri, kai kuma zuciya ta ɗebe ka, ka yi wa karatun riƙon sakainar kashi domin ba shi ka nema ba. Yanzu hankali ya dawo, kana so ka sake neman shiga karatun likita, sai ka tarar wancan sakamakon yana nan yana jiranka a bakin ƙofa.

Na san tambayar da ke cin ranka. Kana cewa: shin adalci ne a riƙa bin mutum da abin da ya yi yana ɗan shekara 17 ko 18? Allah ma yana yafe wa wanda ya tuba, to, me ya sa jami'a ba ta yafewa?

Tambayar tana da kyau, kuma amsarta tana cikin babin tuban da kai ka kawo da kanka. Ka sani malamai sun raba haƙƙi gida biyu. Akwai wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wannan nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa sun wadatar a kansa. Akwai kuma wanda ya shafi bayin Allah, shi kuwa sai an haɗa da biya. Wanda ya ci kuɗin mutane, ya zo sahun gaba ya yi ta kuka, kukansa bai sauke masa ko kwabo ba, sai ya mayar. To, ilmin likita haƙƙin mutane ne. Wannan Kemistirin da ka tsallake babi uku ba ka karanta ba, a kanta za a ɗora maka sanin yadda magani yake aiki a jikin ɗan Adam. Mai haƙƙin ba malaminka ba ne. Mai haƙƙin wata mata ce da naƙuda za ta zo wa da gardama nan da shekara 10, ko wani jariri da za a kawo maka da tsakar dare yana shiɗewa. Ba su san ka ba tukuna, balle su ce sun yafe. Saboda haka makarantar da ta ƙi shafe maka sakamako ba zaluntar ka ta yi ba, wakilcin waɗannan ta yi. Abin da ke kanka bashi ne, shi kuwa bashi ana biyan sa.

Bari in nuna maka yadda ake biyan, da alƙalami, domin da yawa daga cikinku tsoro ya hana su zama su yi lissafin. A yawancin jami'o'inmu maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. B tana da 4, C tana da 3, haka har zuwa F wadda ba ta da komai. Ana tara waɗannan ne a raba, tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. Mu ƙaddara digirinka na shekara 4 ne, nauyin darussan kowace shekara daidai yake, kuma ka fita shekarar farko da 2.0. In ka samu 4.0 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, jimla ta zama 14, a raba gida 4, ka tashi da 3.5, watau daidai bakin daraja ta biyu ta sama. In kuwa ka yi 4.5, ka tashi da kusan 3.9. Ka ga ashe ƙofa ba ta rufe ba. Amma duba ɗaya gefen. In ka ƙara shekara guda cikin sakaci ka sake yin 2.0, to, kafin ka kai 3.5 sai ka samu 5.0 cur a shekaru biyun ƙarshe, A a kowane darasi ba kuskure ko ɗaya. Wannan bashi ne da jinkiri ke ƙara masa nauyi, kuma duk zangon da ka ce sai na gaba, kai ka ɗora wa kanka.

A nan ne Shaiɗan yake shigo wa samari ta ƙofar da ba su zata ba, watau ƙofar ƙaddara. Sai ka ji yaro ya faɗi jarrabawa ya ce haka Allah ya rubuta. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarawarsa, kuma imanin mutum bai cika ba sai da yarda da haka. Amma malamai, cikinsu har da Shaihul Islami Ibnu Taimiyya, sun bambance tsakanin musibar da ta faɗa wa mutum da laifin da ya aikata da hannunsa. Ta farko ana samun sanyin zuciya a kanta da ambaton ƙaddara, na biyun kuwa ba a fakewa da ita a kansa. Wanda zazzaɓin taifot ya kwantar makon jarrabawa, ko mahaifinsa ya rasu a tsakiyar zango, ko yajin aikin malamai irin na 2022 da ya ɗauki wata 8 ya watsa masa karatu, wannan ya yi haƙuri, ba mai zarginsa. Amma wanda ya raba darensa tsakanin gidan kallon ƙwallo da latsa waya har asuba, kada ya ce Allah ne ya ɗora masa. Kuma in faɗa maka wata wadda ba a cika faɗa ba: har wanda ya ƙare shekararsa a bakin masallacin makaranta yana jayayya a kan mas'alolin da manyan malamai ma suka yi saɓani a kansu, ya bar ɗakin gwaje-gwaje, shi ma yana cikin lissafin nan. Gemu da ɗage wando sunna ce, amma ba su amsa tambayar Fizis.

Dubi yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu, ya hana su sauka. Da suka ga kamar an gama, yawancinsu suka sauko, Halidu ɗan Walidu, wanda bai musulunta ba a lokacin, ya zagayo da dawakai ta baya, aka yi shahidai wajen 70. Da ayoyin Suratu Ali Imrana suka sauka a kan wannan rana, an ambaci ƙaddara, an ambaci gafara, amma ba a ɓoye inda aka yi kuskuren ba. Kashegari kuma, da raunukansu da komai, suka fita bin sawun abokan gaba har Hamra'ul Asad. Ba a ba su wata guda na zaman jimami ba.

Saboda haka kai ma ka nemo tudun da ka sauka daga kansa. Ka karɓo sakamakonka darasi darasi ka duba. Sau da yawa ba daƙiƙanci ba ne. Yaro ya fito daga makarantar da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba, aka zaunar da shi a ɗaki da ɗaruruwan ɗalibai, malami yana zuba Turanci daga nesa, shi kuma kunya ta hana shi ya ce bai gane ba. In Turanci ne matsalarka, ka faɗa wa kanka gaskiya ka gyara shi, domin da shi za a yi maka karatun shekara 6. In lissafin sakandare ne ya yi rami, ka koma littafin aji huɗu ba tare da jin nauyi ba. Ka nemi wanda ya fi ka a aji, ko ƙaninka ne a shekaru, ka zauna gabansa.

Hanyoyin komawa kuwa sanannu ne. Kana iya sake rubuta jarrabawar JAMB, Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, ka koma aji ɗaya. Kana iya bi ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, ka nemi shiga aji biyu. Kana iya kuma kammala digirin da kake ciki da daraja mai kyau, ka nemi shiga kai tsaye, kuma a nan ne wancan 3.5 ɗin yake da rana, domin jami'o'i da yawa daraja ta biyu ta sama suke nema. Ko wacce ka ɗauka, ka karanta sharuɗɗan jami'ar na shekarar da idonka, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta. Ka kuma sani gurabun ƙidayayyu ne, domin hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka. Mutum yana iya cika sharaɗi duka bai samu ba.

Akwai wata hanya ta huɗu, ita nake gargaɗinka a kanta. Wani zai zo ya ce ya san cibiyar da ake rubuta amsa a allo, ko ya san wanda zai gyara maka takarda in ka kawo kaza. Wani kuma ya ce akwai bokan da ke ba da laya. Ɗan'uwa, shi wanda ya shiga da takardar saye bai tsere wa bashin ba, ya tura shi ne kan marasa lafiya, su za su biya da jininsu. Kuma albashin da zai ci, da gidan da zai gina, da auren da zai yi da kuɗin, duk a kan wannan takarda suke zaune. Allah ya kiyashe mu.

Sai maganar mahaifinka. Na san akwai waɗanda aka cire daga likitanci tun bara, amma har yau a gida ana ce musu Dakta, tsoho yana sayar da hatsi yana aiko kuɗin littattafan da ba a saya. Wannan ya fi faɗuwar muni, domin ita faɗuwa rauni ce, wannan kuwa ha'inci ne. Ka je ka durƙusa ka ce, "Baba, ga abin da ya faru, ga inda na yi sakaci, ga kuma abin da na shirya." Zai yi faɗa, wataƙila ya yi kwanaki bai sake maka fuska ba. Ka jure. Addu'ar da zai yi maka bayan ya san gaskiya ita kake bukata.

In kuwa shekaru ne ke damun ka, wai abokanka za su gama kana aji uku, ka tuna Ƙaffal na garin Marwa, wanda ya rasu a 417 bayan hijira. Maƙerin kwaɗo ne, daga nan ma sunan ya samo asali, bai fuskanci fiƙihu ba sai da ya kai shekara 30, ya kuma zama jagoran malaman Shafi'iyya na Khurasan. Kai nawa kake?

Amma kafin ka sake sayen fom, ka zauna kai kaɗai ka tambayi zuciyarka abin da take so. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa likitanci cikin farillan da in wasu suka yi sun ɗauke wa saura, har ya zargi mutanen zamaninsa da yin cincirindo a kan mas'alolin saɓani alhali gari ba likita Musulmi. In wannan ne ya taso ka, to, ka yi istihara ka ɗaura ɗamara, ko sau uku za ka nema. In kuwa ka bincika ka tarar farar riga ce da sunan Dakta, to, ka sani bayan shekara 6 akwai shekarar koyon aiki a asibiti, akwai kwana a tsaye cikin jini da amai, kuma suna ba ya riƙe mutum a wannan wuri. Wanda niyyarsa taimakon marasa lafiya ce, in ya nema iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba, ga aikin jinya, ga haɗa magunguna, ga ɗakin gwajin jini. Ka shiga asibitin ƙaramar hukumarku ka tambaya mutum nawa ke riƙe da waɗannan wurare, kuma marasa lafiya nawa ke bin layi a kansu kowace safiya.

Allah ya buɗa mana ƙirazanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.