DA TSAWON RAI DA AMFANINSA, WANNE NE MA'AUNI?

Jama'a, al'adarmu ce in mun gai da babba mu ce, "Ranka ya daɗe," in kuwa saurayi ya rasu mu ce an yi hasara, bai ci duniya ba. To, muna so 'yan makaranta su tsaya mu auna wannan magana tare. Shin da yawan shekaru a ke gane darajar rai, ko kuwa da abin da mai shi ya yi da shi? Ga labarin wani saurayi ma'aikacin jirgin ƙasa, shi za mu ɗora a kan sikeli.

Sunansa Jesús García, mutanen ƙasarsa su kan ce Hesus. An haife shi a Hermosillo, cikin jihar Sonora ta ƙasar Meksiko, ran 13 ga Nuwamba 1881. Yana saurayi gidansu suka koma Nacozari, wani ɗan gari a tsakanin duwatsu, wanda ba shi da abin dogara sai haƙar jan ƙarfe. Kamfanin Moctezuma, mai ramin haƙa a Pilares, ya shimfiɗa ƙaramin dogo tsakanin ramin da garin, irin dai ƙaramin jirgin nan da ya taɓa bi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, har aka rufe shi cikin 1957. Nan García ya kama aiki yana mai ɗauko wa ma'aikata ruwa. Sannu sannu ya hau, ya yi aikin birki, ya yi na hura wuta, har ya zama direba tun yana wajen shekara 20.

Ran 7 ga Nuwamba 1907 aka ɗora wa jirginsa akwatunan nakiya za a kai ramin haƙa. Maimakon a sa taragun nakiyar can baya, sai aka haɗa su dab da kan jirgin. Da jirgi ya motsa, tartsatsi daga bututun hayaƙi ya faɗa kan kayan, wuta ta kama. Suka yi ƙoƙarin kashewa, abu ya gagara, ga kuwa gari kusa, ga ɗakin ajiyar nakiya na kamfani. García ya ce wa abokan aikinsa su yi tsalle su tsira, shi kuwa ya tsaya a kan injin, ya ƙara masa wuta don ya fitar da jirgin bayan gari. Da ya kai wani zango da a ke kira El Seis, nakiya ta tashi. Shi ya mutu nan take, saura kwana 6 ya cika shekara 26. Mutanen da suka halaka kimanin 13 ne, amma gari ya tsira.

To, sai mu koma ga tambayarmu. Da García ya bi abokansa ya dira, watakila da ya ga jikokinsa, ba kuwa mai zarginsa, don kowa ransa ya ke so. Amma waɗannan shekaru hamsin da zai ƙara, da me zai saye su? Da rayukan maƙwabtansa. Ashe shekaru kamar kuɗi su ke, ba yawansu kaɗai a ke dubawa ba, a kan tambayi inda aka samo su da inda aka kashe su. Wani ya kan yi shekara tamanin bai taɓa ɗauke wa kowa ko ƙaya daga hanya ba. Wannan ya daɗe, amma daɗewar ta tsaya gare shi shi kaɗai.

Mai hankali zai iya tsayar da mu ya ce, "Ai wannan kashe kai ne, kashe kai kuwa Musulmi da Kirista duk sun hana." Amsarmu ita ce a dubi nufi. Mai kashe kansa mutuwar ya ke nema. García nisa ya ke nema tsakanin wuta da mutane, mutuwa kuwa ta tare shi a kan hanyar. Da akwai dabarar da jirgin zai tafi ba direba a kuma tabbata ba zai tsaya ko ya gangaro baya ba, tsayawarsa da ta zama wauta. Abin da ya mai da ita jarumtaka shi ne ba wani hannu a wurin sai nasa.

Akwai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Mutanen El Seis fa? Su ba su zaɓi komai ba, wuta aka kai musu har ƙofa. Ba za mu shafe su daga lissafi don labari ya yi daɗi ba, gama kowanne yana da mai kuka dominsa. Sai dai mu ce, wanda ya sami kansa gaba kura baya siyaki, ba a tambayarsa don me bai fita ba ko ƙwarzane, a kan tambaye shi ko ya nufi mafi ƙanƙantar ɓarna da iyakar saninsa. Alhakin jinin nan ya fi rataya a wuyan sakacin da ya sa nakiya kusa da wuta. Jama'ar da ta iya yabon jarumi amma ba ta iya gyara aikinta ba, za ta yi ta binne samarinta. Rigakafi ya fi magani.

Abin da mu ke so ku riƙe, 'yan makaranta, shi ne wannan. Ba a ranar nan García ya koyi tsayawa ba. Wanda ya saba guje wa ƙaramin aiki in ba a kallonsa, ba zai tsaya ga babba ba ran da wuta ta kama, don a irin wannan lokaci ba damar shawara, hali ne kaɗai ke aiki, hali kuwa zanen dutse ne. Shekarun da ya yi yana ɗaukar ruwa yana ɗaure birki da gaskiya, su suka riƙe hannunsa a kan injin. Saboda haka kada ɗayanku ya raina mai baƙin mai a riga don shi yana riƙe da alƙalami.

Yau sunan garin Nacozari de García, kuma tun 1944 ƙasar Meksiko ta mai da 7 ga Nuwamba ranar ma'aikatan jirgin ƙasa. Amma ko da ba a sa wa gari sunansa ba, darajar aikin ba za ta ragu ba, don ta cika tun sa'ad da ya ce wa abokansa su dira. Mu dai ba mu ce ku nemi mutuwa ba. Mu roƙi tsawon rai kamar yadda muka saba, mu haɗa da roƙon ya zama mai amfani ga mutane. Allah ya ba mu duka biyu, amin.