Wayar Hannu, Lissafin Haruffa, da Girma Cikin Kristi



Wata Lahadi bayan an tashi sujada a Yelwa, wata uwa ta tare ni a ƙofar majami'a riƙe da wayar ɗanta, ɗalibin jami'a. Ta ce, "Baba, duba mini wannan abu. Saboda shi yaron nan ya daina zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki." Na karɓa na duba. Wani ne a bidiyo yake koyar da cewa kowane harafin Ibrananci yana da lambarsa, idan mutum ya mai da sunansa lamba zai gano abin da Allah ya ɓoye game da aurensa da arzikinsa. Ya kira wannan ilimi Kabala. Yaron kuwa kwana yake yi yana sa manhajar ƙirƙirarriyar basira tana lissafa masa ayoyi. Da yake ba gidan wannan uwa kaɗai abin ya shiga ba, ya kamata mu san asalinsa.

Mece ce Kabala?

Kalmar tana nufin abin da aka karɓa daga magabata. Ilimin ɓoye ne da wani sashe na malaman Yahudawa ya riƙe. Babban littafinta, Zohar, ya bayyana a ƙasar Sifen a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa de Leon, wanda ya rasu a 1305. A ƙarni na 16 garin Safed da ke tuddan Galili ya zama cibiyarta, inda Ishaku Luriya ya koyar har mutuwarsa a 1572. Masu wannan hanya sun ɗauka cewa haruffa 22 na Ibrananci suna ɗauke da asirin halitta. Ga misalin lissafinsu: kalmar ƙauna, ahaba, jimlarta 13 ce, kalmar ɗaya, ehad, ita ma 13, idan aka haɗa sun zama 26, wato jimlar haruffa huɗu na sunan Allah mai tsarki. Abin yana da ban sha'awa, ba kuma za mu rena mutanen da suka girmama Attaura har suka ƙidaya haruffanta ba.

Sa'ad da na'ura ta karɓi lissafin

Abin da malami zai shekara yana ƙirgawa da yatsa, kwamfuta takan gama shi kafin a kifta ido. A 1994 wasu masu bincike uku daga Isra'ila suka wallafa cewa idan aka riƙa tsallake haruffa daidai wa daida a Littafin Farawa, sunayen shahararrun malaman Yahudawa na baya suna fitowa. A 1997 wani ɗan jarida Ba'amurke, Michael Drosnin, ya fitar da littafi yana cewa akwai annabcin al'amuran zamaninmu a ɓoye cikin haruffan. Mutane da yawa suka ruɗe. Sai wani masanin lissafi a Ostireliya, Brendan McKay, ya bi hanyar nan cikin wani littafin ƙagaggen labari na Turanci mai suna Moby Dick, ya kuwa tono irin wannan "annabci" na kisan shugabanni. Darasin a fili yake: duk littafi mai tsawo, idan ka ba na'ura isassun haruffa, za ta fito maka da abin da ka je nema.

Mu ma abin ya taɓa mu. A 2020, lokacin annobar korona, saƙonni suka cika wayoyinmu suna haɗa lambar 666 da fasahar 5G da allurar rigakafi. 'Yan'uwa nawa ne suka rasa barci saboda lissafin da ba su san wanda ya yi shi ba?

Yahudawa suna da wata tatsuniya ta wani malami a birnin Prag da ya gina mutum da yumɓu, ya motsa shi da haruffa masu tsarki domin ya yi masa hidima, daga baya abin ya fi ƙarfinsa. Sunansa Golem. A 1965, da aka ƙera sabuwar kwamfuta a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, masanin tarihin Kabala Gershom Scholem ya ba da shawara a sa mata wannan suna. Ya gane cewa na'ura bawa ce mai ƙarfi, amma ba ta da numfashin rai. Manhajar da ke amsa tambayoyin 'ya'yanmu yau haka take. Tana iya jera ayoyi, ba ta iya tuba, ba ta iya addu'a.

Gargaɗi daga masu ilimin kansu

Tsofaffin malaman Yahudawa ba su buɗe wannan ƙofa ga kowa ba. Sun ba da labarin mutum huɗu da suka kutsa cikin zurfin asiri: ɗaya ya mutu, ɗaya ya haukace, ɗaya ya bar bangaskiya, Malam Akiba kaɗai ya fito lafiya. Wasu ma sun hana wanda bai kai shekara 40 ba ya taɓa shi. Abin da dattawa suka ji tsoro, yau ana miƙa wa ɗan shekara 18 a bidiyon minti uku.

Me Maganar Allah ta ce?

A Maimaitawar Shari'a 29:29 Musa ya raba al'amura kashi biyu. Akwai abin da Allah ya keɓe wa kansa, akwai kuma abin da ya bayyana domin mu da zuriyarmu mu aikata. Rabonmu yana cikin kashi na biyu. Manzo Bulus ya tarar da masu bi na Kolosi suna sha'awar ilimin ɓoye, sai ya nuna musu cewa asirin da aka rufe tun zamanai an riga an buɗe shi, shi ne Kristi kansa. Ubangijinmu kuma a Markus 4 ya kwatanta Mulkin Allah da iri wanda yake tsiro a hankali, ganye tukuna, sa'an nan zangarniya, sa'an nan ƙwaya. Wane manomi a Bauchi ya taɓa shuka dawa da safe ya girbe da yamma? Girman ruhaniya ma haka yake. Ana ganinsa a haƙuri da maƙwabci, da gaskiya a kasuwar Wunti, da gafarta wa wanda ya cuce mu, ko da shekaru sun wuce kafin ya nuna.

Shawara ga iyalai

Ba cewa nake yi a jefar da waya ba. Kakanninmu sun jira har 1932 kafin su sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau ga shi a aljihun kowa. Wannan alheri ne. Amma iyaye, ku zauna da 'ya'yanku ku karanta sura guda daga farko zuwa ƙarshe, ku tambayi juna abin da za ku yi da ita gobe. Idan wani saƙo ya zo da lissafi mai tsoratarwa, ku kai wa fasto ko dattijo kafin ku tura wa wani. Kada kuma mu tsawata wa matashi don ya yi tambaya mai zurfi; ƙishinsa na gaske ne, rijiyar ce ya ɓata.

Na roƙi wannan uwa ta turo mini ɗanta. Mun fara karanta wasiƙar Kolosiyawa tare, aya bayan aya, wayarsa tana buɗe a kan tebur. Har yanzu yana da tambayoyi, ni ma ina da su. Sannu ba ta hana zuwa.

Ubangiji ya ba mu zuciyar biyayya ga abin da ya bayyana, ya kuma tsare gidajenmu. Amin.