Wanda Ya Gina Lakwal, Shi Ke da Yaron?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai tambayar da nake so mu ɗan zauna kanta. Idan mutum ya ciro dukiyarsa ya gina makaranta don ƴaƴan mutanensa, ya biya malamai, ya sayi littattafai, ina ne iyakar ikonsa? Yana da damar zaɓar wa yaran irin mutanen da za su zama? Zan ɗauko misali daga Yahudawa, don sun daɗe suna wannan aiki a tsare.

A 1860 wasu Yahudawan Faransa su shida suka kafa ƙungiyar Alliance Israélite Universelle a Paris. Su sun samu ƴanci da ilimi, suka waiwaya suka ga ƴan uwansu na Maroko, Tunisiya, Iraƙi da daular Usmaniyya cikin talauci da ƙasƙanci. Makarantarsu ta farko ta buɗe a Tetuwan, arewacin Maroko, a 1862. A 1873 wani attajiri, Baron de Hirsch, ya ba su faran miliyan ɗaya don makarantun ƙasar Turkiyya. Kafin yaƙin 1914 sun kai makarantu sama da 180, ɗalibai fiye da dubu 40, tun daga Maroko har Iran.

Alherin da suka yi a fili yake. Ɗan mai gyaran takalmi ya zama akawu ko likita. Sun sa ƴaƴa mata karatu a garuruwan da ake aurar da su tun suna ƙanana. Sun koyar da sana'a, sun ciyar da yaran da ke zuwa da yunwa. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne zai raina wannan.

Amma da wane harshe aka yi karatun? Da Faransanci. Yaron Tetuwan yana da harshen gida, wani irin Sifaniyanci da kakanninsa suka taho da shi bayan korar 1492. Na Bagadaza yana da Larabcinsa. Malaman da aka horar a Paris sun ɗauki waɗannan harsuna a matsayin shirme, al'adun iyaye kuma camfi. Mu da muka san labarin sambol, abin nan da ake rataya wa ɗan lakwal in ya yi Hausa ko Zabarmanci a aji, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin lura shi ne, a can ba baƙo ne ya yi musu haka ba. Ɗan uwa ne, mai addini ɗaya da su, kuma da kyakkyawar niyya. Shi ya sa wasu malaman addinin Yahudu na garuruwan suka yi ta faɗa da makarantun nan, wasu har suka haramta kai yara. An ce musu masu duhun kai. Ni a ganina sun hango wani abu na gaskiya: yaron zai fito da takarda, amma zai dawo gida yana jin kunyar maganar uwarsa, kuma ya ƙara nisa da maƙwabcinsa Musulmi da suke cin kasuwa ɗaya.

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To, wa ya ci ladan a nan? Yaron ɗan shekara shida bai sa hannu a wata yarjejeniya ba. Ubansa ne ya kai shi, shi ma talauci ne ya zaɓar masa.

Su kansu Yahudawa suna da tsohon tunani kan wannan. Kalmarsu ta kyauta, tsedaka, tushenta ɗaya da sadaka tamu, kuma asalin ma'anarta adalci. Malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya jera kyauta hawa takwas. Kusa da ƙololuwa akwai wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. A can sama kuma, ka taimaki mutum har ya daina bukatarka. Idan muka auna da wannan ma'auni, kyautar da ke zuwa da sharaɗin "ka zama irina" ta rage daraja, ko da ta gina aji dubu.

Yau kuma abin ya juya. A Amurka talauci ba shi ne damuwar attajiran Yahudawa ba, narkewa suke tsoro. Wani bincike na 1990 ya ce kashi 52 cikin ɗari na masu sabon aure a cikinsu suna auren waɗanda ba Yahudawa ba, hankali ya tashi. Gidauniyar Harold Grinspoon ta fara aika wa iyalai littattafan yara kyauta a 2005. A 1999 Charles Bronfman da Michael Steinhardt suka kafa shirin Birthright, wanda ke kai matasa Isra'ila kwana goma kyauta, gwamnatin Isra'ila na zuba nata kason. Jiya kuɗi na cire wa yaro rigar gida, yau kuɗi na mayar masa da ita. Sai dai har yanzu mai kuɗin ne ke zaɓen wace riga.

Littafin da uwa za ta karanta wa ɗanta da dare, ta ajiye in ba ta so, ban ga laifinsa ba. Duk al'umma na da haƙƙin koya wa ƴaƴanta ko su su wane ne. Inda nake tsayawa shi ne wurin abin da aka ɓoye. A 2018 wasu matasa suka fice daga tafiyar Birthright ana tsakiyarta, suka ce an hana su ganin halin da Falasɗinawa ke ciki ƙarƙashin mamaya. Aka ce sun yi butulci, sun ci kuɗin mutane sun juya baya. Ban yarda ba. Idan kyautar ta ilimi ce, tambayar da suka yi tana cikin abin da aka biya.

Albert Memmi, ɗan mai ɗinkin kayan doki a Tunis, uwarsa ba ta iya karatu ba, a makarantar Alliance ya fara Faransanci. Da Faransancin nan ya rubuta yadda makaranta ta raba shi da gidansu a 1953, sannan a 1957 ya fitar da littafinsa kan mai mulkin mallaka da wanda aka mallaka. Waɗanda suka biya kuɗin karatunsa ba wannan suka yi oda ba.