Lauyan Wanda Ake Tuhuma Ba Abokin Laifi Ba Ne

Da zarar an gurfanar da mutum kan mummunan laifi, sai ka ji jama'a na tsine wa lauyansa, wai ya sayar da lahirarsa saboda kuɗi. A ganina wannan fushi ya manta dalilin da ya sa aka rarraba aikin shari'a. Ɗan sanda nasa bincike, mai gabatar da ƙara shi ke ɗauke da nauyin hujja, shaida kuma ya faɗi abin da ya gani ko ya ji. Alƙali kansa, a mazhabar Malikiyya, ba ya hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, sai da abin da ya tabbata a gabansa, kuma sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda zai hukunta ko yana da sauran hujja. Idan an ɗaure hannun mai hukunci haka, ina ga wanda labari ya iske a majalisa? Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ma ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma ba shi damar ɗaukar lauya.

Shari'ar Amina Lawal ta nuna amfanin wannan. A 2002 kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jifa, ta Funtuwa ta tabbatar. A Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin, bayan lauyoyinta sun kafa hujja da fiƙihun Malikiyya kansa, ciki har da haƙƙinta na janye iƙirari. Da babu mai tsaya mata, wa zai tunatar da kotu ƙa'idar da ta tsallake?

Masu suka suna da abin riƙewa: Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i, ya hana kare maha'inta. Wannan gaskiya ne, kuma lauyan da ya ƙirƙiri shaidar zur, ko ya yi ta neman ɗage shari'a don ya gajiyar da iyalan mamaci, hanin ya hau kansa. Amma ha'inci sai ya tabbata kafin a kira mutum maha'inci, kuma hujjar da ba a gwada ba zato ce kawai. Ko lauya ya san wanda yake karewa ya aikata, akwai sauran aiki na halal: ya hana a karɓi iƙirarin da aka tatsa da duka a ofishin 'yan sanda, ya kuma tabbatar hukuncin bai zarce girman laifin ba.