Allon da aka sace a Gand

A majami'ar Saint-Bavon ta garin Gand, a Beljiyam, akwai wani zanen addinin Kirista da ƴan'uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka yi da fenti mai mai bisa allunan katako, aka gama shi a 1432. A watan Afrilun 1934 aka sace allon da ke nuna alƙalai masu adalci bisa dawakai. Har yau ba a gan shi ba. Wanda ke gurbinsa yanzu, Jef Van der Veken ne ya zana shi da hannu.

To, ƴan'uwa, wanda ya tsaya gaban allon nan har ƙwalla ta zo mishi, an cuce shi?

Da farko na ce e, jabu jabu ne. Sai na tuna karatunmu: ba wata kalma a bakina da ni na ƙera ta, duk kwaikwayo ne daga bakin inna, amma ba wanda ya ce mini maƙaryaci. Kuma Van der Veken bai ɓoye ba, har fuskar sarki Léopold na uku ya sa ma ɗaya daga cikin alƙalan.

Ga inda na cije. Mutumen nan dai, daga baya an gano ya "gyara" wasu tsofaffin alluna har ya wuce gyara, mutane suka yi ta kallon aikinsa da sunan na magabata. Hannu guda, gwaninta guda. Na Gand na yarda da shi, don kowa ya san kwafi ne. Sauran kam, wallahi na kasa.