Uwar da Ta Warke, Ina Za Ta Zauna?



A ziyarar da na kai wa masu bi na yankin Tambuwal da Kebbe, wata uwa mai 'ya'ya uku ta tsayar da ni bayan sujada. Ciwon baya na bayan haihuwa ne ya kai ta ga tiramol na kyamis. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, har ya kai ba ta iya hura wuta da safe sai ta sha. Ta yi jinya, Allah ya taimake ta, ta bari. Amma har yau 'yar ƙwaya ake kiranta. An fitar da ita daga adashi, maƙwabta sun hana yaransu cin tuwonta, in ta zauna a benci cikin majami'a sai a matsa gefe. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mini zafi, gama mu ne muka aikata shi.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken da gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shan miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, ɗaya mace ce. A wannan shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta iya tare kwalba, amma ba ta tare bakinmu ba. Namiji ya bar shaye-shaye, mu ce ya shiryu. Mace ta bari, mu ce a sa mata ido. Saboda wannan ne mata da yawa suke ɓoye ciwonsu har ya cinye su.

Ku tuna da macen nan ta Bisharar Markus, sura 5, wadda ta shekara 12 tana zubar jini, jama'a suna ƙyamarta. Ta so ta warke a ɓoye ta sulale. Yesu bai yarda ba. Ya tsaya cikin taro, ya neme ta, ya kira ta ɗiya a gaban waɗanda suke gudunta, domin su ma su ji.

Ina roƙon iyayenmu na Zumuntar Mata Katolika: ku mai da wannan 'yar'uwa cikin adashi, ku zauna kusa da ita ranar Lahadi. Wadda kuma har yanzu take fama, akwai asibitin gwamnatin tarayya a Kware. Daga Kebbe tafiyar tana da nisa, kuɗin mota kuma ba kaɗan ba ne. A samu mai raka ta, a samu mai riƙe mata yara har ta dawo.