"Ƙanwata": Zumunci Ne Ko Kwarkwasa?

Akwai wata tambaya wadda 'yan matanmu su kan kawo wurin matan fastoci da shugabannin zumuntar mata, galibi da murya ƙasa-ƙasa bayan an tashi daga sujada. Su kan ce, "Mama, wane yana ce mini ƙanwata, wani lokaci kuma gimbiya. Ko mene ne nufinsa?" Matan aure kuma suna da tasu. Wata ta ga maigidanta yana rubuta wa wata 'yar ƙungiyar mawaƙa "bebi" a waya, da ta yi magana ya ce ai haka yaran zamani su ke kiran kowa. Waɗansu za su ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a ɓata takarda a kanta ba. Amma mun ga aure ya girgiza a kan kalma ɗaya irin wannan, mun kuma ga budurwa ta kori masu nemanta da gaske domin ta dogara ga wani suna da a ke kiranta da shi. Domin wannan bari mu zauna mu duba ta da hankali.

Mu Hausawa ba baƙin laƙabi ba ne. Kusan kowa a cikinmu yana da sunan yanka, yana kuma da wani sunan da a ke kiransa da shi a gida. Wadda aka haifa ran Lahadi ta zama Ladi, ta Asabar ta zama Asabe. Namijin da ya zo bayan mata shi ne Tanko, wanda ya bi tagwaye kuwa Gambo. Kunya ma ta haifi sunaye da yawa, gama mace ba ta kan kama sunan mijinta ba, sai ta ce maigida ko malam, uwa kuma ta kan ɓoye sunan ɗanta na fari. Duk waɗannan ba su taɓa ruɗa kowa ba.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, kakanninmu sun yi wasa da kalmomin aure kansu, ba su kuwa ƙone ba. Tsoho mai furfura ya kan kira jikanyarsa "matata" ko "amaryata", ya ce ta kawo masa tuwo tun da shi ke ita ce ta ƙwace girki. Kaka mace ta kan ce wa jikanta "mijina", ta yi masa gorin bai kawo cefane ba. Ƙanin miji ya kan ce wa matar wansa "matarmu". Taubasai su kan yi wa juna ba'a har su bi juna kuɗin shara a watan Cika-ciki, kamar yadda Bafillace da Babarbare su kan yi gardamar wane ne bawan wani. In baƙo daga wata ƙasa ya ji tsoho yana ce wa yarinya 'yar shekara 6 "matata", sai hankalinsa ya tashi. Mu kuwa dariya mu ke yi. Me ya sa? Domin kowa ya san iyakar wasan. An san wanda ya ke da izinin yinsa, an san da wa zai yi shi, ana kuwa yinsa a tsakar gida, a gaban uwa da uba da maƙwabta. Wannan ƙanin miji da ya ke tsokanar matar wansa, in ya hango surukarsa sai ya sunkuyar da kai ya canza hanya. Ashe nauyin maganar ba a cikin harufan kalmar ya ke ba, yana wurin mai faɗi da wadda a ke faɗa wa, da kuma wurin da aka faɗa.

To, me ya sāke? Abu biyu. Na fari, sababbin sunaye sun shigo waɗanda ba su da dangi, ba su da dokar da ta zo tare da su. "Bebi" kalmar Turanci ce, ma'anarta jariri, amma a waƙoƙin Amurka da ita saurayi ya ke kiran budurwarsa, daga can kuma ta iso bakin yaranmu. "Diya" ma daga Turanci ta zo, watau abar ƙauna. Kakanninmu ba su bar mana wata ƙa'ida a kan wanda ya isa ya ce wa wata "bebi" ba, kowa sai ya ɗora mata ma'anar da ta yi masa daɗi. Na biyu, wurin faɗin ya sāke. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, aka kuma ƙirƙiro WhatsApp a 2009, sunan da dā a ke kira a ƙofar gida kowa yana ji, yanzu ana aika shi da ƙarfe 11 na dare, daga ɗaki zuwa ɗaki, ba mai gani sai su biyu. Ga kuma wani abin dariya wanda ba na dariya ba ne. Yawancin masu rubutu a waya ba su sa lanƙwasar harufa. In dattijo ya rubuta wa yarinya "diyata", ba ta da hanyar sanin ko ɗiyarsa ya ke nufi ko kuwa diyar nan ta Turawa. Wani dattijon kuwa ya san da haka sarai, yana ma jin daɗin duhun.

A nan ne mu ke so mu daɗe, gama a nan cutar ta ke. Mutane su kan yi ta gardama ko kalma kaza ta soyayya ce ko ta zumunci ce, kamar akwai wani littafin fassarar kalmomi da zai raba gardamar. Babu shi, ba kuwa zai taɓa kasancewa ba. "Ƙanwata" tana iya zama kalma mafi tsabta a bakin wani saurayi, tana kuma iya zama tarko a bakin wani, su biyun suna zaune a benci ɗaya. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, akwai mutumin da ya ke zaɓen suna mai harshen damo da gangan, domin harshen damon ne ya ke yi masa amfani. In yarinyar ta saki fuska, sai ya matsa gaba kaɗan. In ta ɓata rai, ko matarsa ta gani, ko dattawa suka kira shi, sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Haba! Ai ƙanwata ce. Wasa na ke yi." Ya shiga gidan mutane amma ya bar ƙofar baya a buɗe domin gudu. Bai faɗi ƙarya da baki ba, ba wanda zai kama shi da kalma, duk da haka ruɗi ya yi, gama ya sa wata ta gaskata abin da shi ya shirya musunsa tun daga farko.

Ku duba yadda abin ya kan ƙare. Saurayi yana kiran yarinya "ƙanwata" a gaban jama'a, "gimbiyata" a waya. Yana raka ta gida bayan koyon waƙa, yana saya mata kati. Ita kuwa ta ce masa "Yaya", zuciyarta ta riga ta tafi. Wani ya aiko iyayensa da gaisuwa, ta ƙi. Shekara ta wuce, ta biyu ta bi. Ran nan sai a tashi a majami'a a yi sanarwar aurensa da wata. In ta yi kuka, abokansa su ce, "Ya taɓa ce miki yana sonki?" Gaskiya bai taɓa ba. Amma mu muna cewa da alhaki a wuyansa, ko da dattawan ekklesiya ba su sami laifin da za su rubuta a littafi ba. Shi bai yi hasarar kome ba, ita ce ta biya da shekarunta da sunanta.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A Littafin Farawa, sura 20, Ibrahim ya gaya wa mutanen Gerar cewa Saratu 'yar'uwarsa ce. Ba ƙarya ce tsantsa ba, gama ubansu ɗaya, amma ya faɗi rabin domin ya ɓoye rabin, har sarki Abimelek ya kusa faɗawa cikin babban laifi. A sura 26 Ishaku ya bi sawun ubansa, ya ce Rifkatu 'yar'uwarsa ce. Abin da ya tona shi abin lura ne. Sarki ya leƙa ta taga ya gan shi yana wasa da ita irin wasan da ba a yi da 'yar'uwa, nan take ya gane matarsa ce. Sunan ya faɗi abu ɗaya, hali ya faɗi wani, sarkin kuwa hali ya gaskata. Ku gwada wannan da Bo'aza. Shi ma ya kira Rut ɗiyarsa, a gona, inda masu girbinsa su ke aiki, ya kuma kwaɓe su kada su taɓa ta. Sa'anda maganar ta juya zuwa aure, bai ci gaba da fakewa a bayan sunan ba. Ya tafi ƙofar gari, ya tara dattawa 10, ya faɗi nufinsa a fili.

Saboda haka in 'yar'uwa ta tambaye mu ma'anar sunan da a ke kiranta da shi, ba kalmar za mu fara tambaya ba. Za mu ce, yana kiranki haka a gaban mahaifinki? In mai aure ne, yana kiranki haka matarsa tana tsaye? In ta shigo sai ya koma "Malama" ko "'yar'uwa", to, shi da kansa ya fassara miki kalmar, ba ki bukatar wani mai fassara. Za mu kuma tambaya ko haka ya ke kiran sauran 'yan mata, har da waɗanda ba a yaba kyansu, har da tsofaffin gwauraye. Akwai mutum mai sakin baki wanda kowace mace "gimbiya" ce a wurinsa, daga mai sayar da ƙosai har matar fasto. Irin wannan sai dai a ce masa ya rage surutu, amma ba mai farauta ba ne. Wanda ya keɓe suna domin mutum ɗaya, ya kuma keɓe masa lokacin dare, shi ne abin tambaya.

Tambayar kuwa, a kai ta wurinsa. Mun sani kunya tana hana 'yan matanmu, an kuma koya musu cewa mace ba ta fara magana. Amma ba rashin kunya ba ne budurwa ta ce, "Yaya, wannan suna da ka ke kirana, mene ne a bayansa? In da magana, ga gidanmu, ka san ƙofar." In ba za ta iya ba, ta aiki gwaggonta ko matar fasto. Mai nufin kirki zai yi murna da an share masa hanya. Mai zumunci kawai zai ji kunya, ya ba da haƙuri, ya gyara bakinsa. Mai harshen damo ne kaɗai zai husata, ya ce an yi masa mummunar fassara, gama an rufe masa ƙofar bayan nan. Har wa yau, wadda a ke kira tana da iko a kan sunan. In ta ce ba ta so, an gama. Wanda ya ci gaba bayan an hana shi yana cewa wasa ne, ya manta cewa wasan kaka da jika ma, da yardar jikan a ke yinsa, in yaro ya fara kuka tsohon ya kan bari.

Muna da magana ta musamman ga masu riƙe da matsayi, fastoci da dattawa da malaman makaranta da shugabannin mawaƙa. Yarinyar da ke ƙarƙashinku ba ta da bakin da za ta ce muku ba ta so. Tana jin nauyinku, wataƙila kuma ku ne ku ke biya mata kuɗin makaranta ko ku ke sa hannu a takardarta. Murmushinta ba shaidar yarda ba ne. "Ɗiyata" daga kan bagadi ko a gaban iyayenta abu ne mai kyau. A saƙon dare kuwa, ku bar shi, ko da zuciyarku fara ce, gama ita ba ta ganin zuciyarku, rubutun kaɗai ta ke gani.

Sai dai kada mu gyara wannan mu ɓata wancan. Akwai masu kunnen ƙashi a ekklesiya, waɗanda in suka ji saurayi ya ce wa budurwa "ƙanwata" sau ɗaya a bakin rijiya, kafin Lahadi ta zagayo sun ɗaura musu aure, sun kuma raɗa wa jaririn suna. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. An taɓa zaunar da mutane a bencin horo a kan abin da bai wuce ji-ta-ji-ta ba, yarinyar kuma ita ce ta kan fi shan kunyar. In samari da 'yan matanmu ba za su iya kiran juna wa da ƙanwa da zuciya ɗaya ba sai an zarge su, to, za su daina yi a gabanmu, su koma yi a waya inda ba mu gani, wurin da mu ke gudu ke nan tun farko. Wanda ya ji abin da ya dame shi, ya sami mutumin shi kaɗai ya tambaye shi tukuna. In matar aure ce ta ga saƙo a wayar mijinta, ta tambaye shi ko zai yarda ya karanta shi da ƙarfi a gabanta da gaban yarinyar, su uku a zaune, kafin ta kai ƙara wurin dattawa.